John Costello: Lauyan Da Ya Haɗa Jam'iyyu Biyar A Gwamnati Ɗaya

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwa 'yan kasuwa da ke bin wannan shafi a rumfuna da tashoshin mota, yau filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai kai mu tsibirin Ailan, can yamma da Ingila. Wanda za mu duba rayuwarsa shi ne marigayi John Aloysius Costello, lauyan da ya shugabanci gwamnatin ƙasar har sau biyu, daga 1948 zuwa 1951, sannan daga 1954 zuwa 1957, alhali bai taɓa zama shugaban jam'iyyarsa ba ko na kwana ɗaya. Duka biyun gwamnatocin haɗin gambiza ne, kuma babu wadda ta kai ƙarshen wa'adinta. Ta farko kuɗin madara ne ya ƙarasa ta. Ta biyu kuwa harajin kayan shigowa ne da rikicin kan iyaka.

An haifi Costello ranar 20 ga watan Yuni na 1891 a unguwar Fairview ta birnin Dablin, lokacin tsibirin baki ɗaya yana hannun Birtaniya. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne a ofishin rajistar takardun filaye. Ya yi karatu a makarantar O'Connell ta 'yan ɗariƙar Katolika, ya wuce jami'a a nan Dablin, ya zama lauya a 1914. A 1919 ya auri Ida Malone, suka haifi 'ya'ya biyar.

Ranar Litinin ta bikin Ista na 1916, lokacin da 'yan kishin ƙasa suka ɗauki bindiga suka kama babban gidan waya na Dablin suka ayyana jamhuriya, shi Costello yana filin wasan golf. Bai taɓa ɓoye wannan ba, da bakinsa yake ba da labarin. Bai shiga yaƙin neman 'yanci da ya biyo baya ba, bai kuma shiga yaƙin basasa ba. A ƙasar da ake auna ɗan siyasa da tambayar ina kake ranar da aka yi harbi, wannan naƙasu ne babba. Amma shekara 32 bayan haka, wannan naƙasun ne ya zama jarinsa.

Sai an fahimci yaƙin basasar kafin a fahimci sauran labarin. A watan Disamba na 1921 aka sa hannu kan yarjejeniya da Birtaniya, wadda ta ba gundumomi 26 na kudu mulkin kai amma a ƙarƙashin inuwar sarkin Ingila, gundumomi 6 na arewa kuma suka ci gaba da zama cikin Birtaniya. Aka ja iyaka mai tsawon kusan kilomita 500, a 1923 aka kafa shingayen duwan a kanta, ta ratsa gonaki da hanyoyin kasuwa. Ku da kuka san zaman bakin iyaka ba sai an gaya muku abin da ya biyo baya ba: shanu, aladu, man shanu da ganyen shayi suka riƙa ƙetarawa da dare, duk inda farashi ya fi daɗi. Su kuwa 'yan gwagwarmaya sai suka rabu biyu, masu karɓar yarjejeniyar da masu ƙin ta, suka yaƙi juna daga 1922 zuwa 1923. Gwamnatin masu karɓa ta harbe fursunoni 77 bisa ƙidayar da aka fi ambata, kuma babban kwamandan sojojinta a lokacin shi ne Janar Richard Mulcahy. Mai karatu ya riƙe wannan suna.

Costello ya shiga aikin sabuwar gwamnati a 1922 a matsayin mataimaki a ofishin babban lauyanta, a 1926 kuma shi kansa ya zama babban lauyan gwamnati, ya riƙe muƙamin har 1932. Ya halarci tarukan ƙasashen daular Birtaniya a Landan, inda aka yi ta kai-komo har aka samu dokar Westminster ta 1931, wadda ta ba ƙasashe irin su Ailan da Kanada ikon yin dokokinsu ba tare da majalisar Landan ta taka musu birki ba. Da Éamon de Valera da jam'iyyarsa ta Fianna Fáil suka ci zaɓen 1932, Costello ya koma kotu, a 1933 kuma aka zaɓe shi ɗan majalisa, ya zauna a ɓangaren adawa cikin jam'iyyar da ta zama Fine Gael. Akwai tabo guda a wannan zamani. A 1934, yana kare ƙungiyar masu shuɗiyar riga da ke mara wa jam'iyyarsa baya, ya kwatanta nasarar da yake hango musu da ta 'yan baƙar riga na Italiya da ta mabiya Hitila a Jamus. Maganar ta bi shi har tsufa. Ya faɗi zaɓe a 1943, ya dawo a 1944, amma a gaskiya kotu ce gonarsa, a can yake samun kuɗi mai kauri, majalisa kuwa aikin gefe ce.

Zuwa 1948 de Valera ya shekara 16 a kan mulki, mutane sun gaji. Yaƙin duniya ya ƙare amma ana nan ana rabon abinci da kati, kaya sun yi tsada, malaman makaranta na Dablin sun yi dogon yajin aiki a 1946, tarin fuka yana cin mutane a gidajen talakawa. Aka yi zaɓe ranar 4 ga Fabrairu. A majalisa mai kujeru 147, Fianna Fáil ta samu 68, ita ce babba nesa ba kusa ba, amma ba ta kai rinjaye ba. Fine Gael ta samu 31, jam'iyyar Leba ta ma'aikata 14, sabuwar jam'iyyar 'yan jamhuriya Clann na Poblachta 10, jam'iyyar ƙananan manoma Clann na Talmhan 7, wani ɓangaren Leba da ya ɓalle mai suna Leba ta Ƙasa 5, sauran 12 masu zaman kansu. In ka haɗa jam'iyyun nan biyar za ka samu 67. Ke nan da wasu 'yan kujeru daga masu zaman kansu, za a iya tura de Valera gefe.

Lissafi ya yi, amma mutanen fa? Fine Gael jam'iyyar manyan manoma ce da lauyoyi da masu shaguna, ta yi kamfe tana son a ci gaba da zama cikin ƙungiyar Kwamanwel. Clann na Poblachta kuwa cike take da tsofaffin dakarun IRA. Shugabanta Seán MacBride ɗa ne ga ɗaya daga cikin waɗanda Turawan Ingila suka harbe a 1916, shi kansa ya taɓa zama babban hafsan IRA a 1936, kuma yana tsare a gidan yarin Mountjoy a Disamban 1922 lokacin da aka fitar da huɗu daga cikin abokan gwagwarmayarsa aka harbe su. Shugaban Fine Gael a 1948 shi ne Janar Mulcahy. Bisa al'ada shi ya kamata ya zama shugaban gwamnati, amma mutanen MacBride ba za su iya zama ƙarƙashinsa ba.

A nan Mulcahy ya yi abin da ba kasafai ake gani ba. Shi ya kira taron jam'iyyun, shi ya ɗinke ƙawancen, sannan ya janye, ya karɓi ma'aikatar ilimi, ya ci gaba da riƙe jam'iyya. Aka shiga neman wanda hannunsa ba jini, wanda 'yan ƙwadago suka sani, wanda MacBride ya saba da shi a kotu. Ido ya faɗa kan mai wasan golf. Costello bai so ba. Albashin shugaban gwamnati bai kama ƙafar abin da yake samu a lauyanci ba, ga iyali. Ya je neman shawara wurin abokinsa lauya Arthur Cox, wanda ya nuna masa cewa wanda ya daɗe yana wasa da wutar siyasa ba shi da bakin kuka ranar da ta ƙone shi. Ranar 18 ga Fabrairu 1948 majalisa ta ƙi de Valera da ƙuri'a 75 a kan 70, ta zaɓi Costello da 75 a kan 68. Ya zama faraminista, wanda a yarensu ake rubutawa Taoiseach, ana furta shi Tishak.

Rabon kujerun ya nuna irin cinikin da aka yi. William Norton na Leba ya zama mataimakin faraminista da ministan jin daɗin jama'a. Patrick McGilligan na Fine Gael ya ɗauki kuɗi. MacBride ya ɗauki harkokin waje, ya kuma kawo wani matashin likita ɗan shekara 32, Noël Browne, wanda ya zama ministan lafiya a ranarsa ta farko a majalisa. Joseph Blowick na ƙananan manoma ya samu filaye. James Dillon, mai zaman kansa, ya samu noma. James Everett na Leba ta Ƙasa ya samu gidan waya, duk da cewa ƙungiyar ƙwadagon da ke bayan jam'iyyarsa ta so su bi de Valera ne. Abu guda ya haɗa su, wato kada de Valera ya dawo. 'Yan Fianna Fáil sun ɗauka 'yan watanni kawai za su yi. Suka yi shekara uku da kusan wata huɗu.

Dabarar Costello ita ce sakin linzami. Kowane minista yana faɗin ra'ayinsa a bainar jama'a ko da ya saɓa wa na abokin zamansa, taron ministoci yakan kai dare, shi kuma yana sauraro kamar alƙalin sulhu har sai kowa ya gaji an cimma matsaya. Saboda MacBride bai yarda da manyan ma'aikatan da suka yi wa de Valera aiki ba, aka hana sakataren gwamnati zama a taron, sai Liam Cosgrave, mai tsawatarwa na 'yan majalisarsu, ya riƙa rubuta abin da aka yanke. Wannan ya sa wasu shawarwari ba su shiga takarda yadda ya kamata ba, kuma ya haifar da gardamar da masana tarihi suka daɗe suna yi.

Gardamar ita ce ta Kanada. A watan Satumba na 1948 Costello ya je can bisa gayyatar ƙungiyar lauyoyi. Yana can wata jaridar Lahadi ta Dablin ta buga cewa gwamnati za ta soke dokar 1936, igiya ta ƙarshe da ta ɗaure ƙasar da sarkin Ingila. Ranar 7 ga wata 'yan jarida suka tambaye shi a birnin Otawa, ya tabbatar musu, ya kuma ce ƙasar za ta bar Kwamanwel. An yi ta yaɗa cewa fushi ne ya ɗebe shi saboda wulaƙancin da ya ji gwamna janar na Kanada, Lord Alexander, mutumin arewacin Ailan, ya yi masa a wurin liyafa. Costello ya musanta, ya ce ministoci sun riga sun amince tun a gida. Ni dai ina ganin an amince da baki, sanarwar ce ta zo ba shiri. Ko ma yaya ne, ranar 18 ga Afrilu 1949, Litinin ta Ista, Ailan ta zama jamhuriya, kuma a hannun jam'iyyar da aka fi yi wa kallon 'yar goyon Ingila. Kwana kaɗan bayan haka aka amince a Landan cewa Indiya za ta zama jamhuriya ta kuma zauna cikin Kwamanwel, ƙofar da Gana ta bi a 1960, Najeriya ta bi a 1963. Ailan ta riga ta fita. Birtaniya ta mayar da martani da doka mai fuska biyu: ba za a ɗauki 'yan Ailan a matsayin baƙi a Ingila ba, za su ci gaba da shiga su yi aiki, amma arewa ba za ta bar Birtaniya ba sai da yardar majalisarta. Iyaka ta ƙara ƙarfi ke nan.

A fannin tattalin arziki sun taɓuka. A tsakiyar 1948 suka ƙulla yarjejeniyar ciniki da Birtaniya wadda ta kyautata farashin shanun da Ailan ke fitarwa, shanu kuwa su ne babbar hajar ƙasar. Sun karɓi tallafin Marshall na Amurka, Dillon ya zuba kuɗi a gyaran gonakin da ruwa ya kwanta a kansu, aka kafa hukumar raya masana'antu a 1949, aka gina gidaje masu yawa. Sun ƙi shiga ƙawancen tsaro na NATO saboda batun raba tsibirin. Shi kuwa Browne, wanda tarin fuka ya kashe iyayensa biyu da wasu 'yan uwansa, shi ma ya kwanta da shi, ya kwashi kuɗin cacar asibitoci da ake tarawa ya gina asibitocin masu tarin, ya kawo allurar rigakafi da sabon magani. Mace-mace suka ragu ƙwarai, ya zama ministan da talakawa suka fi so.

Sai ɓaraka ta soma daga ƙaramin abu. A ƙarshen 1950 minista Everett ya ɗauke riƙon gidan waya na wani ƙaramin gari mai suna Baltinglass daga hannun dangin da suka daɗe da shi, ya ba wani na kusa da jam'iyyarsa. Mutanen garin suka yi bore, suka ƙaurace wa sabon, har ya ajiye. Gwamnatin da ta hau tana zagin son kai ta ji kunya, kuma ta rasa goyon bayan wani ɗan majalisa mai zaman kansa.

Babban rikicin shi ne shirin uwa da ɗa. Browne ya so kowace mai ciki da kowane yaro har zuwa shekara 16 su samu magani kyauta, ba tare da an binciki abin da maigida yake samu ba. Ƙungiyar likitoci ta tashi, don tana ganin cinikinta zai mutu. Bishop-bishop na Katolika, a gabansu babban limamin Dablin John Charles McQuaid, suka ce kula da iyali haƙƙin uba ne ba na gwamnati ba, suna kuma tsoron abin da likitocin gwamnati za su koya wa mata game da haihuwa. A ƙasar da kusan kowa Katolika ne, maganar bishop ba wasa ba ce, kuma wannan gwamnati tun zamanta na farko ta aika wa Paparoma saƙon mubaya'a. Browne mutum ne mai zafin kai, ya riga ya ɓata da abokan aikinsa, ya ɓata da ubangidansa MacBride. Costello, wanda ke da dangi da abokai cikin likitoci, bai taɓa son shirin ba. Da bishop-bishop suka yanke hukunci a farkon Afrilun 1951, ministoci suka janye daga shirin, MacBride ya nemi Browne ya sauka, ya sauka ranar 11 ga wata. Amma bai tafi shiru ba. Ya miƙa wa jaridu wasiƙun da aka yi musaya tsakaninsa da limaman da faraminista, duniya ta karanta. Costello ya tashi a majalisa ya ce shi ɗan Katolika ne kuma yana bin umarnin shugabannin cocinsa, ba tare da wata kwana-kwana ba. A nan ne, a ganina, ya fi rauni a duk rayuwarsa. Gwanin sulhu bai nemi sulhu ba, ya bar yaron ya faɗi, ya kuma ba Furotesta na arewa hujjar da suke nema cewa coci ke mulki a kudu.

Duk da haka ba wannan ne ya kayar da gwamnatin kai tsaye ba. Manoma masu kai madara kamfanonin man shanu sun daɗe suna neman ƙarin farashi, Dillon ya ƙi ba su abin da suke so. 'Yan majalisar karkara da gwamnati ke jingine da su suka ce ba za su sa hannu a kasafin ma'aikatar noma ba. Da Costello ya ƙirga ya ga ba zai kai ba, sai ya nemi a rusa majalisa a farkon Mayu. A zaɓen 30 ga Mayu 1951 Fine Gael ta tashi daga 31 zuwa 40, jam'iyyar MacBride ta faɗo daga 10 zuwa 2. De Valera ya samu 69, ya dawo mulki ranar 13 ga Yuni da taimakon masu zaman kansu, cikinsu har da Browne. A 1953 gwamnatinsa ta yi dokar lafiya da ta ɗauki wani yanki na shirin, amma da binciken abin hannu.

Costello ya dawo ranar 2 ga Yuni 1954, wannan karo da jam'iyyu uku, Fine Gael mai kujeru 50, Leba, da ƙananan manoma, MacBride yana dafa musu daga waje da kujeru 3. A zamanin ne Ailan ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamban 1955, ya kuma kai ziyara Amurka a Maris na 1956. Wata guda bayan haka matarsa Ida ta rasu. Shekarar ta yi masa nauyi. Kayan da ake shigowa da su sun fi na fitarwa nesa, ajiyar kuɗin waje tana zurarewa, ministan kuɗi Gerard Sweetman ya ɗora haraji na musamman kan kayan shigowa har sau biyu a shekara ɗaya. Giɓin ya toshe, amma kasuwa ta mutu, gine-gine suka tsaya, matasa suka cika jiragen ruwa zuwa Ingila. A cikin shekarun 1950 sama da mutum 400,000 suka bar ƙasar da ba ta kai miliyan 3 ba. A cikin wannan ƙunci ne gwamnatin ta yafe rabin haraji kan ribar da kamfani ya samu daga ƙarin kayan da ya fitar waje, ta kuma naɗa T. K. Whitaker ɗan shekara 39 babban sakataren ma'aikatar kuɗi. Waɗanda suka gaje su ne suka faɗaɗa tsarin suka ci moriyarsa.

A Disamban 1956 IRA ta fara kai hare-hare kan ofisoshin 'yan sanda da shingayen duwan a bakin iyaka. Costello ya ce ƙasa ɗaya ba ta da soja biyu, ya sa aka kama su. 'Yan jam'iyyar MacBride ba su jure ba, a Janairun 1957 ya gabatar da ƙudurin yanke ƙauna, yana kafa hujja da tattalin arziki da batun arewa. Costello bai jira ƙuri'a ba, ya kira zaɓe. Ranar 5 ga Maris Fianna Fáil ta kwashe kujeru 78, MacBride ya rasa tasa, bai ƙara komawa majalisa ba. Daga baya ya yi suna a duniya, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Amnesty, ya samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 1974, ya kuma zama kwamishinan Majalisar Ɗinkin Duniya kan Namibiya.

Da Mulcahy ya ajiye shugabancin Fine Gael a 1959, Costello ya nuna yana so, amma da sharaɗin ba zai bar kotu ba. Jam'iyya ta ce tana son mai cikakken lokaci, ta zaɓi Dillon. Ya koma kujerun baya a majalisa har 1969, yana zuwa kotu da rigarsa ta lauya kamar kowa, tsohon faraminista yana tsayawa gaban alƙalai yana kare masu ƙara. Fine Gael ba ta sake ganin mulki ba sai 1973, lokacin da Liam Cosgrave, mai rubuta bayanan taron nan na 1948, ya kafa wata gwamnatin ƙawance da Leba, ya naɗa ɗan Costello, Declan, babban lauyan gwamnati, kujerar da uban ya riƙe shekara 47 kafin nan.

A watan Maris na 1975 birnin Dablin ya karrama Costello da de Valera a rana ɗaya da lambar 'yancin gari. De Valera ya rasu a watan Agusta na wannan shekara. Costello ya ci gaba da aikin lauya har dab da ƙarshe, ya rasu ranar 5 ga Janairu 1976 yana da shekara 84, aka binne shi a maƙabartar Deansgrange da ke kudancin Dablin.